Waya, kyamarar dogon zum, ko mai canjin lensi: wacce ta dace da mai ɗaukar hoton tsuntsaye da shimfiɗar ƙasa don nishaɗi?

Yawancin masu sha'awar ɗaukar hoto a waje da waya suke farawa, kuma sukan daɗe ba su ga aibinta ba. Hadari ya haɗo, rana ta kusa faɗuwa, bishiya ta yi fure, ruwa ya kwanta a kwari: duk waɗannan waya tana ɗaukarsu tsaf. Matsalar tana fara bayyana ne ranar da wani tsuntsu mai kyan launi ya sauka a reshe, mutum ya ɗaga waya ya danna, ya duba allo ya tarar da baƙin ɗigo a tsakiyar ganye. Daga nan sai tambaya ta taso: in ci gaba da wayata ko in sayi kyamara? In kuma kyamarar ce, wace iri?

Hanyoyin uku ne. Akwai wayar da ke aljihunka. Akwai kyamarar dogon zum, wadda lensinta ke manne da jikinta ba a cirewa, amma yana janyo abin da ke nesa sosai. Sai kuma kyamarar da ake canza wa lensi, ko dai DSLR, wato mai madubi a cikin jikinta, ko sabbin nan marasa madubi. A ganina abu biyu ne ke raba gardama a tsakaninsu: nisan abin da ka fi son ɗauka, da nauyin da za ka yarda ka rataya a wuya duk lokacin da za ka fita. Sauran lambobin da ake jerawa a jikin kwali duk bayan waɗannan biyun suke zuwa.

Mu fara da nisa, don shi ne aka fi ruɗa mutane da shi. Ana auna ƙarfin janyowar lensi da milimita, kuma domin a iya kwatanta na'urori daban-daban ana mayar da lissafin kan ma'aunin tsohon fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Da wannan ma'aunin zan yi magana har ƙarshe. Babbar kyamarar waya tana tsakanin milimita 24 zuwa 28. Ka ɗauka ƙaramin tsuntsu mai tsawon santimita 15 yana zaune mita 10 daga inda kake, wanda a wurin tsuntsun daji kusa ne ƙwarai. Da lensin milimita 26, faɗin abin da zai shiga hotonka ya kai kusan mita 14. Idan hoton yana da ɗigo 4000 daga hagu zuwa dama, tsuntsun zai samu ɗigo 45 ko kusa da haka. Babu ido, babu gashi, babu launin baki. Da milimita 120, wato abin da lensin 5x na wasu manyan wayoyi ke bayarwa, kamar iPhone 15 Pro Max ta 2023, faɗin zai dawo mita 3, tsuntsun ya ci kashi ɗaya cikin ashirin na hoton. Za a gane shi, amma ba za a yi sha'awarsa ba. Da milimita 600 faɗin ya zama santimita 60, tsuntsun ya ci kwata. Da milimita 2000 kuwa santimita 18 kacal ke shiga, tsuntsun ya cika hoton daga baki har wutsiya. Shi ya sa masu ɗaukar tsuntsaye suke cewa aikin daga milimita 400 yake farawa, kuma 600 ne wurin da hankali ke kwanciya.

Lambar nan mai "x" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe kada ta ɗauke maka hankali. Abin da take nufi kawai shi ne sau nawa ƙarshen lensin ya ninka farkonsa. Lensin da ya tashi daga 150 zuwa 600 ninki huɗu ne kacal, amma ya fi 10x na waya kaiwa nesa. Lambar milimita ta ƙarshe ita za ka nema.

To mece ce waya ta iya? Da yawa, kuma ina jin ba a ba ta haƙƙinta. A shimfiɗar ƙasa, sararin sama, titi bayan ruwa, fure, malam-buɗe-littafi da ya sauka kusa, inuwar gini da yamma, wayar zamani ta ishi kowane mai ɗauka don nishaɗi. Dabararta ita ce duk danna ɗaya hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, wasu da haske wasu da duhu, ta haɗe su wuri guda. Shi ya sa za ka fuskanci faɗuwar rana ka samu jan gajimare ya fito, ƙasa ma ta fito ba ta zama baƙi ƙirin ba. Kyamara ta sosai sau da yawa sai ka zauna gaban kwamfuta ka gyara kafin ka samu haka. Ƙari a kan wannan, wayar tana ajiye wurin da aka ɗauki hoto da lokacinsa, tana turawa nan take, kuma babu wanda zai waiwayo don ka fito da ita. Fiye da komai, tana tare da kai. Bakan gizo ba ya jiran ka koma gida ka ɗauko jaka.

Inda take gazawa shi ne zum ɗin da ya wuce ƙarfin lensinta. Idan ka sa yatsu biyu ka buɗe hoto har 20x ko 30x, wayar yanko tsakiyar hoton take yi ta kumbura shi, sannan manhajarta ta cike gurbin da abin da take zato. A jikin gini ko rubutun allo wannan zaton yakan yi daidai. A jikin tsuntsu kuwa gashin sai ya narke ya koma kamar an shafa fenti, wani lokaci har ta ƙirƙiro zanen da babu shi. Ga wanda yake so ya gane wane tsuntsu ne, wannan ɓarna ce babba, domin sau da yawa ɗan layi ɗaya a saman ido ko launin ƙafa ne ke raba iri biyu masu kama.

Akwai wata hanya a tsakani da nake so mutane su gwada kafin su kashe kuɗi mai yawa: madubin hangen nesa, irin 8x42 mai ninka abu sau takwas, wanda masu kallon tsuntsaye suka fi amfani da shi. Ana kara kyamarar waya a bakin idonsa a ɗauka, har akwai ɗan maƙali da ake sayarwa don riƙe su tare. Ninki takwas a kan milimita 26 ya ba ka sama da 200. Aikin yana da wuya, gefen hoton yakan yi duhu, tsuntsun kuma dole ya zama mai haƙuri irin zalɓe da ke tsaye a bakin ruwa. Amma madubin zai nuna maka ko da gaske kana son zama kallon tsuntsaye, ko sha'awar mako biyu ce. Idan ma daga baya ka sayi kyamara, madubin ba zai zama asara ba.

Yanzu kyamarar dogon zum, wadda a nan zan fi daɗewa domin ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin masu wannan tambayar. Nikon Coolpix P900 ta fito a 2015 da lensi daga milimita 24 zuwa 2000, P950 ta gaje ta a 2020 da nisa iri ɗaya. P1000 ta 2018 ta kai har 3000. Canon PowerShot SX70 HS tana tashi daga 21 zuwa 1365, Panasonic Lumix FZ80 kuma daga 20 zuwa 1200. Nauyinsu ya bambanta sosai: SX70 da FZ80 kowacce ta ɗan haura giram 600, P950 kusan kilo ɗaya, P1000 kuwa kilo 1.4, kuma girmanta yakan ba wanda bai taɓa riƙe ta ba mamaki. Da ɗaya daga cikinsu a wuyanka, za ka ɗauki tsaunin da ke gabanka gaba ɗaya, sannan cikin daƙiƙa kaɗan ka janyo shahon da ke zaune a kan dutsen saman tsaunin, ba tare da ka buɗe jaka ba. Babu wata na'ura da ke ba da wannan a nauyi da kuɗi irin nata.

Sirrin yadda aka cusa irin wannan nisa a ƙaramin jiki yana cikin sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan lensi. Na waɗannan kyamarorin ƙarami ne ƙwarai, kusan milimita 6 da 4.5. Ƙaramin sensa ƙaramin lensi yake buƙata, amma haske kaɗan yake tarawa. Kuma idan ka miƙa zum zuwa ƙarshe, ƙofar hasken lensin tana ƙara tsukewa: f/6.5 a P950 da SX70, f/8 a P1000 (idan lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake yi). Sakamakon a fili yake. Da hantsi, rana tana bayanka, kurciya tana zaune a kan wayar lantarki, za ka samu hoton da ake ƙirga gashin wuyanta, har ɗigon hasken da ke cikin idonta ya fito. Wannan kurciyar dai, in ta koma cikin duhuwar ganye bayan la'asar sakaliya, hoton zai yi yashi-yashi, launi ya dushe, in ta ɗan motsa kai kuma ya yi dishi-dishi. Wani abin da mutane ba sa tsammani: babban sensan wayoyi masu tsada na yanzu ya fi na waɗannan kyamarorin girma. Don haka a hoton faɗuwar rana ko titi da magariba, wayarka za ta iya doke sabuwar kyamarar da ka saya. Wanda ya sayi kyamarar dogon zum don ta gyara masa hoton shimfiɗar ƙasa zai ji haushi. Aikinta nesa ne.

Nisan ma yana da nasa horon. A milimita 2000 neman tsuntsu a bishiya kamar leƙen daji ne ta cikin bututun biro: kana ganinsa da idonka, ka kara kyamara, sai ganye kawai. Kafin ka lalubo reshen ya tashi. Masu ƙera su sun san da haka, shi ya sa Nikon da Canon suka sa wani maɓalli a gefen lensi, in ka danne shi zum ya ja baya ka ga bishiyar duka, ka sa tsuntsun a tsakiya, ka saki ya koma inda yake. Wanda ya saba da wannan maɓallin ya rage rabin wahalarsa. Sai rawar hannu, wadda zum ke ninkawa kamar yadda yake ninka tsuntsun. Akwai na'urar rage girgiza a cikin lensin kuma tana aiki, amma dole ka taimaka mata: ka kara tagar leƙawa a idonka maimakon miƙa hannu kana kallon allo, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka jingina da bishiya ko bango in akwai, ka riƙe numfashi ka danna a hankali. Na uku shi ne iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Da tsakar rana zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa komai na nesa ya riƙa rawa irin ta kawalwalniya, kuma babu lensin da ke maganin wannan komai tsadarsa. Milimita 3000 ba ta nufin za ka ɗauki ɗan tsuntsu daga mita ɗari biyu. Amfaninta shi ne tsuntsun da ke mita 15 ko 20 ya cika hoto ba tare da ka matsa ka firgita shi ba.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina. Mai gajeren lensi yakan ga dole ya matsa, ya matsa, har tsuntsu ya bar abincinsa ko uwa ta tashi daga kan ƙwai. Sheƙar da uwa ta bari ko na ɗan lokaci ne tana cikin haɗarin rana da hankaka. Dogon zum yana ba ka damar tsayawa nesa ka bar tsuntsu ya ci gaba da harkarsa, kuma hoton tsuntsun da hankalinsa ke kwance ya fi na wanda ya miƙe wuya yana shirin gudu kyau nesa ba kusa ba.

Inda kyamarar dogon zum mai ƙaramin sensa ke durƙushewa shi ne tsuntsu a sama. Saitin fokas ɗinta yana da nawa, yakan yi ta kai da komowa yana nema. Shirwa da ke shawagi a hankali ko jerin balbelu da ke wucewa za ka iya samu in ka dage. Tsattsewa kuwa sai dai sa'a. Batirinta ma ba ya jurewa sosai, P950 da P1000 a gwajin masana'anta ba su kai hoto 300 a caji ɗaya ba, don haka batiri na biyu wajibi ne.

Akwai 'yan uwansu masu sensa mafi girma, wanda ake kira na inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu na wancan. Sony RX10 IV ta 2017 ita ce ta yi zarra a nan: milimita 24 zuwa 600, ƙofar haske f/4 a ƙarshen zum, ga fokas mai saurin da ke bin tsuntsu a sama. Matsalarta kuɗi, domin tsadarta ta kai ta kyamara mai canjin lensi. Panasonic FZ1000 tana da sensa irin wannan amma a 400 ta tsaya. FZ300 kuma ƙaramin sensa gare ta, sai dai lensinta yana riƙe f/2.8 tun daga 25 har 600, kuma an yi jikinta ya jure yayyafi da ƙura. Ga mai yawan ɗauka a inuwar bishiyoyi, wannan ƙofar hasken ta fi masa ƙarin nisa amfani.

Sai kyamara mai canjin lensi. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: lensin da ake haɗo ta da shi a kwali, yawanci 18 zuwa 55, a ma'auninmu bai wuce 27 zuwa 88 ba. Wato ka kashe kuɗi mai yawa ka dawo nisan wayarka. Sayen kyamarar rabin tafiya ne, sai ka ƙara dogon lensi, kuma sau da yawa lensin ya kai jikin tsada ko ya fi shi.

In ka yi hakan kuwa, abin da za ka samu daban ne. Sensan APS-C, wanda da yawa daga cikin irin waɗannan kyamarorin ke da shi, ya ninka na P950 sau goma sha biyu zuwa sha uku a faɗin fili, don haka da asuba da magariba, lokacin da tsuntsaye suka fi kai da komowa, hoto yana fita da tsabta. Tsayar da fikafikan tsuntsu a sama yana buƙatar kyamara ta ƙifta cikin ɗaya bisa 1000 ko ɗaya bisa 2000 na daƙiƙa, kuma babban sensa ne ke iya jure ƙarancin hasken da wannan saurin ke jawowa. Bayan tsuntsun yakan narke ya yi laushi, ya fito shi kaɗai. Sabbin marasa madubi, irin Canon R7 da R10 da OM System OM-1, dukkansu na 2022, suna gane tsuntsu da kansu su kafa fokas a idonsa su bi shi. Wanda ya sha fama da fokas mai kama reshe ya bar tsuntsu zai san girman wannan ni'ima.

Nauyi a da shi ne babban cikas, kuma har yanzu haka ne in ka zaɓi irin Sigma 150-600 mai kusan kilo biyu shi kaɗai. Irin wannan lensin ba a fita yawon shan iska da shi, sai an ƙudura niyya, kuma kayan da sai an ƙudura niyya yawanci a kabad suke ƙarewa. Amma akwai haɗi mara nauyi. Canon R10 da lensin RF 100-400 tare sun ɗan haura kilo ɗaya, daidai da P950, kuma saboda sensan Canon yana ninka lamba sau 1.6, nisan ya zama 640. A tsarin Micro Four Thirds, na kyamarorin Olympus da OM System da wasu na Panasonic, ninkin biyu ne, don haka Olympus 75-300 wanda bai kai rabin kilo ba yana ba da 600. To wanne ya fi, 640 a babban sensa ko 2000 a ƙarami? Idan ka yanko tsakiyar hoton R10 mai megafiksal 24, wato ɗigo miliyan 24, don ya yi daidai da 1280, megafiksal 6 za su rage maka, masu tsabta, sun isa kallo a allo da bugu matsakaici. Don ƙaramin tsuntsu da ke zaune nesa cikin rana, P950 za ta nuna gashi fiye da haka. Don duk abin da ke motsi ko ke cikin inuwa, R10 ce a gaba ba tare da gardama ba. Sai dai ka tuna cewa da 100-400 a jiki ba za ka iya ɗaukar tsauni gaba ɗaya ba. Ko ka tsaya ka canza lensi a fili, ƙura ta samu hanyar shiga sensa, ko ka zaro waya. Mafi yawan masu irin wannan haɗin wayar suke zarowa, kuma daidai ne.

Kafin ka yanke shawara, buɗe hotunan wayarka na watannin baya ka duba waɗanda suka ɓata maka rai. Idan yawancinsu shimfiɗar ƙasa ce da ta fito fayau babu armashi, kyamara ba za ta gyara ba. Lokacin fita ne matsalar: ka gwada sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta, ka goge gilashin wayar, ka sa wani abu a gaba kamar dutse ko reshe don ido ya samu mashiga. Idan yawancinsu ɗigo ne a kan reshe, kuma burinka ka ga tsuntsun sosai, ka san sunansa, ka nuna wa abokai, kyamarar dogon zum ce taka, kuma zan ce ka zaɓi mai sauƙin nauyi a kan mai dogon nisa, domin 1200 da ke wuyanka kullum ta fi 3000 da ke gida. Hotonta ya isa manhajar Merlin ta Cornell Lab of Ornithology ko iNaturalist su taimaka maka gano irin tsuntsun. Idan kuwa abin da ke cin ranka shi ne mikiya ta buɗe fikafikai, ko tsuntsu ya cafko kifi ruwa na fallatsa, kuma ka yarda za ka koyi saitin haske ka zauna gyaran hoto, to mai canjin lensi ce kawai za ta sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ga wanda aljihunsa bai kai sabuwa ba, na hannu hanya ce mai kyau, musamman DSLR tunda mutane da yawa sun koma marasa madubi suna sayar da nasu. Nikon D500 da Canon 80D na 2016, ko Canon 7D Mark II ta 2014, har yau suna ɗaukar tsuntsu a sama yadda ya kamata. Nikon D5600 da lensin AF-P 70-300 haɗi ne mara nauyi da ke kai ka 450, amma lensin AF-P ba ya aiki da wasu tsofaffin jikin Nikon, sai an haɗa an gwada. Duk abin da za ka saya, haska tocilar waya ta cikin lensin ka duba: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare fari kamar saƙar gizo fumfuna ce, kuma yaɗuwa take yi. A kyamarar dogon zum ka miƙa lensin har ƙarshe ka dawo da shi sau da yawa kana saurare, kada ya riƙa sarƙewa ko ƙara, domin in injin zum ɗin ya mutu kyamarar duka ta tafi. Ka tsuke ƙofar haske ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka nemi baƙaƙen tabo. A DSLR ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka tabbatar batirinta da cajarta ana samunsu har yanzu, sannan ka fita da ita waje ka ɗauki wani abu mai nisa a ƙarshen zum, ka duba hoton a babban allo kafin ka biya.